Ƙishirwa a Gayyar Gado

Ya yi! Wallahi tallahi ya yi! Halima, Tala, yau da hantsi Yaya Hayatu ya yi fitsari!

Kar ku yi dariya, na san halinku. Kwana huɗu ke nan ni da Inna muna zaune a gidan likita, ba abin da muke jira sai wannan. Likita da bakinshi ya ce in abin ya zo, akwai sauran rai, in bai zo ba, sai dai mu yi haƙuri. To yau ya zo! Ku yi haƙuri da rubutun, da sauri nake yi, da malaminmu Mushe ya gan shi da ya ja mani kunne.

Ni ce Zinariya. Tun da anka ba mu hutun makarantarmu ta lakol ban aiko maku da takarda ba, na san ba ku ji komai ba. Bari in ɗauko maku daga farko. Abin da ban gani da idona ba, Batulu matar Yaya ta faɗa mani, ita kusan komai a gabanta anka yi shi, saura kuma a bakin wasu na ji.

Akwai wani manomi a garinmu, nan gabas da Cadawa, sunanshi Gado. Shi ne uban Batulu.

Gado na da gona wadda in ka tsaya a wannan gefe ba ka gane mutumin da ke wancan gefen. Shekara uku ke nan shina neman ya ɗaure damen hatsi dubu, don a naɗa shi sarkin noma. Bara kaɗan ya rage mashi. Bana ya rantse sai ya cika.

Tun da Yaya ya auri Batulu bara, Gado bai taɓa kiran sunanshi ba. Sai dai ya ce "jikan ɗan koli". Wai don kakanmu daga ƙasar Katsina ya ƙetaro, da jaki da kayan allura da zare. Shekara hamsin muna garin ga, muna noma kamar kowa, amma shi a wurinshi har gobe baƙi ne mu.

Wata rana a kasuwar Cadawa, cikin mutane, ya ce, "Mutanen kudu su ne za su yi noma? Rabin yini hauya, rabin yini gora a baki. Cikinsu kamar salka!"

Anka yi ta dariya. Yaya na tsaye bayan rumfar mahauta, ya ji komai. Ya juya ya dawo gida. Inna ta ce ran nan ko tuwo bai ci ba.

To da noma na biyu ya zo, sai Gado ya kira gayya. Ran Lahadin da ta wuce. Samari ashirin da wani abu, da makaɗi. Ya ce a yini ɗaya yake son a gama mashi gonar, don in an taru bikin mulkin kai ran Laraba, kowa ya ji labari.

Yaya dole ya je, gonar surukinshi ce. Ya tafi da babban abokinshi Jibo, wanda ya yi mashi abokin ango. Jibo ga shi siriri, ga baki, in shina wuri ba mai iya riƙe dariya. Kwana biyu kafin gayyar ya yi fama da zawo, uwarshi ta ce ya zauna gida. Ya ce, "Haba Iya, in bar Hayatu shi kaɗai a hannun wancan zakin? Wa zai kwaso mana ƙasusuwan?"

Kun dai san al'ada. Mijin ɗiya ba ya ci, ba ya sha a gaban uban matarshi. Ko zai mutu. Haka babban abokinshi ma, kunyar ta shafe shi. Amma ai mutanen da ba wawaye ba ne, sun san dabara. In an yi gayyar suruki, mata kan kai gora guda can ƙarshen gona, su ɓoye bayan kalgo. Mijin ɗiya in ya kai can sai ya duƙa kamar zai gyara hauya, ya sha abinshi. Uban mata kuma ya kau da kai kamar bai gani ba. Wani ma da rana ta take sai ya ce shi ya tafi salla gida, don dai ya ba yaro wuri. Kowa ya san haka ake yi.

Gonar Gado duk gawo ne, kuma kun san gawo da damina ba ganye. Inuwa guda ce, wata tsamiya a tsakiya. Nan anka jera tulunan ruwa. Nan kuma Gado ya shimfiɗa buzunshi, ya zauna, ya jingina da tulu.

Ga shi kwana tara ruwan sama ya ɗauke. Tun da hantsi rana ta buɗe, ƙasa na turiri, iska ko ɗis.

Anka fara. Makaɗi na kiɗa, samari na ihu, hauya na tashi. Yaya da Jibo su ne a gaba. Sai sun kai ƙarshe sun juyo kafin wasu su kai rabi.

Duk wanda ƙishirwa ta kama sai ya zo gindin tsamiya, ya durƙusa ya gaida Gado, ya ɗauki moɗa. Gado ya dube shi ya ce, "Har ka gaji? Uwarka ta yaye ka kuwa?" Makaɗi ya ɗauka a ganga, a yi mashi dariya. Amma dai ya sha, ya koma.

Yaya bai zo ba. Jibo bai zo ba.

Da rana ta kusa tsaka, Batulu da uwarta Kande sunka kawo fura. Batulu ta riƙo wata 'yar gora a ƙarƙashin mayafi. Ta aje ƙwaryar fura, ta sulale za ta bi gefen gona.

"Ke! Ina za ki?"

Ta tsaya. "Baba, can zan ɗan zaga."

"Mene ne a hannunki?"

Ta ƙara ɓoye gorar a mayafi.

"Kawo nan. Juye shi a tulu."

Kande ta ce, "Malam, ai haka anka saba. Kai ma lokacin da ka yi ma babana gayya, wa ya kai maka gora bayan kalgo?"

Ya ce, "Gonarki ce? A gonata ba a shan ruwa a ɓoye kamar na sata. Ga tulu nan, ban rufe bakinshi ba. Mai ƙishirwa ya zo ya sha a gabana, in ga fuskarshi."

Da ƙarfi ya faɗa, don a ji. Kuma an ji.

Batulu ta juye ruwan tana hawaye. Ta ce mani har yanzu in ta rufe ido tana jin ƙarar zubar ruwan nan cikin tulu.

Samari sunka taru gindin tsamiya shan fura. Yaya da Jibo sunka tsaya can nesa, gindin gawo marar ganye, sun dafa hauya. Wani daga cikin samarin, Garba, ya je kusa da su, shi ya ji abin da sunka ce.

Jibo ya ce, "Ango, harshena ya zama fatar ganga. Zo mu yi kamar za mu zaga daji. Akwai rugar Fulani bayan tudun can, ko ruwan tabki ne su ba mu."

Yaya ya ce, "Idonshi na kaina. Ina barin gonar ga, gobe kasuwa ta ɗauka. Kai dai je ka."

"In je in bar ka? A ce Jibo ya sha, ango bai sha ba? Ai sai ɗiyan garin ga su sa ni a waƙa."

"Kai ba ka da lafiya, Jibo."

"Wa ya faɗa maka? Ni fa raƙumi ne, doron ne kawai bai fito ba."

Garba ya ce masu, "Ku bari in ɗebo maku a hulata, wallahi ba mai gani."

Yaya ya girgiza kai. "Sauran kaɗan. La'asar ta kusa."

La'asar ba ta kusa ba. Ko azahar ba a yi ba.

Anka koma aiki. Garba ya ce abin da ya fara ba shi tsoro, kowa rigarshi sharkaf da zufa, amma ta Yaya ta bushe, gishiri ya yi mata fari a baya. Zufar ta ƙare a jikinshi. Jibo kuma ya daina ba'a. Jibo fa! Sai dai ya tsaya ya dafe ƙwauri, jijiya ta ɗaure, ya ɗingisa ya ci gaba.

Can bayan azahar sai anka ga Yaya na saran hatsi. Ciyawa na tsaye, shi kuma hatsin yake tugewa, gindi bayan gindi, kamar bai san su ba. Mutumin da tun shina ɗan shekara bakwai yake noma.

Gado ya miƙe daga buzu shina ihu. "Kai jikan ɗan koli! Ɓarna ka zo yi mani? Ba ka san hatsi ba?"

Yaya ya juyo ya dube shi. Batulu ta ce idon nan ba na mai gani ba ne. Ya buɗe baki kamar zai gaishe shi, sai ya kife a kan hauya.

Jibo ya yar da tashi hauyar ya rugo. Ya kama kafaɗar Yaya zai ɗaga shi, sai shi ma ƙafafunshi sunka lanƙwashe. Su biyu a ƙasa.

Kiɗa ya tsaya.

Anka kwaso su zuwa gindin tsamiya. Jikinsu kamar an ciro daga murhu. Nan fa gardama ta tashi. Kawun Jibo na wurin, ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne. Mutum biyu lokaci ɗaya, da tsakar rana, kusa da tsamiya? Masu wurin ne sunka taɓa su. Kar wanda ya ba su ruwa. Turare za a yi masu."

Wasu sunka ce haka ne. Gado ma ya yi wuf ya ce haka ne, don maganar ta yi mashi daɗi, ta ɗauke laifi daga kanshi.

Sai Batulu, wadda ko ɗaga ido ba ta yi gaban ubanta, ta ce, "Ba wani iska! Ƙishirwa ce, Baba, kuma ka sani!"

Ta tuɓe mayafinta ta tsoma a tulu, ta lulluɓa ma Yaya a kai da ƙirji. Ga ta da cikin wata bakwai. Ta ce ma Garba, "Don girman Allah ku ɗauko gadon kara, ku kai mani shi gidan likita. In ba ku kai shi, ni in goya shi."

Ta roƙi kawun Jibo a haɗa da Jibo. Ya ce ɗansu ne, su sunka san abin da za su yi mashi. Anka ɗora Jibo a jaki anka yi gida da shi.

Mu muna gida muna sussuka sai munka ga mutum huɗu ɗauke da gadon kara, mutum kwance a kai an lulluɓe. Inna ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa. Ta ɗauka gawa ce. Ni ma haka na ɗauka.

Munka bi su a ƙafa har gidan likita na bakin babbar hanya. Duk inda anka tsaya canja kafaɗa, Batulu ta sake jiƙa mayafin, ta ɗiga mashi ruwa a leɓe. Rana ta yi ja kafin mu isa.

Likitan wani dogo ne mai furfura a gemu, ba ya da yawan fara'a. Ya ja fatar hannun Yaya ya saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar ƙullun da bai ji ruwa ba. Ya duba harshe. Ya ce, "Rabonshi da ruwa tun yaushe?"

Batulu ta ce, "Tun asuba."

"Azumi yake?"

"A'a."

"Ba ruwa a gonar?"

"Tulu shida."

"To me ya hana shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Babana na zaune wurin."

Likita ya girgiza kai. Sannan ya sa anka tuɓe mashi riga, anka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, anka ba ni mafici. Ya rataya kwalbar ruwa a sama, ya soka mashi allura a hannu, ruwan na shiga jijiya ɗigo-ɗigo.

Da safe zafin jikin ya sauka, munka fara murna. Likita ya ce kar mu yi murna tukuna. Ya ce ma Batulu, "Kin taɓa wanke tsaba ba ruwa?"

Ta ce a'a.

Ya ce, "To akwai ƙoda guda biyu a bayan mutum, aikinsu ke nan, wanke jini. Dattin shi ne fitsari. In ba ruwa, ba wanki. Mijinki ya zubar da ruwan jikinshi duka a zufa, bai mayar ba, jinin ya yi kauri, ƙodar ta tsaya. Yanzu dattin na nan cikin jikinshi shina yawo. Mun ba ta ruwa. Ko ta tashi, ko ba ta tashi ba."

Inna ta ce, "In ba ta tashi ba fa, likita?"

Ya ce, "Inna, ki yi addu'a."

Ya nuna mana yadda za mu riƙa ba shi ruwa da cokali, da ɗan gishiri da sukari a ciki, iya adadin da ya faɗa, kar mu ƙara kar mu rage. Ya aje wani kwanon ƙarfe a ƙarƙashin gado. Kwanon nan, Halima, na fi kallonshi fiye da fuskar Yaya.

Litinin, kwano a bushe. Fuskar Yaya ta fara kumbura. Shina buɗe ido amma bai san kowa ba, sai sambatu, wai a matsa mashi ya gama layinshi.

Ran nan Gado ya zo. Bai shigo ba. Ya zauna gindin bango a waje, cikin rana. Ba wanda ya ce mashi sannu. Batulu ta wuce ta gabanshi sau nawa, ko kallo.

Tun ran Litinin ɗin likita ya aiki Garba gari, ya ce a kawo ɗayan ko da ƙarfi. Kawun ya hana. Sun sa Jibo a ɗaki, sun toshe ƙofa da tabarma, sun cika kasko da garwashi da turare. Mutumin da zafi ya kayar, shi anka rufe da wuta! Uwarshi na ta roƙo a bari ta ba shi ko kurɓi ɗaya, anka ce za ta ɓata magani.

Talata kafin la'asar Jibo ya rasu.

Allah ya jiƙanshi. Ina rubutawa ina kuka, ga shi ɗazu nake dariya, ni kaina ban san yadda nake ba. Shi ya raka ni bakin mota ran da zan fara tafiya lakol, shina ce mani "Madam Kumandan", wai matar Baturen mulki.

Garba ya ce bayan an dawo daga maƙabarta Gado ya je gaisuwa. Zaure cike da mutane. Ya samu wuri ya zauna. Can sai ga uwar Jibo ta fito da kanta, abin da mace mai zaman makoki ba ta yi. Ta riƙo ƙwarya cike da ruwa, ta durƙusa, ta aje a gabanshi.

Ta ce, "Sha, Gado. Ka sha rana. Mu gidanmu ba a hana mutum ruwa."

Ta tashi ta koma ciki.

Gado ya kalli ƙwaryar, ya kasa taɓa ta. Ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Jiya Laraba anka yi bikin mulkin kai. Muna jin ganguna daga nesa, motoci na wucewa a hanya da sabuwar tuta, mutane na ihu an ce ƙasa ta dawo hannunmu. Ni da nake ta ɗokin ran nan tun a lakol, munka koyi waƙa, anka ce mu sa farin kallabi. Ban ko leƙa ba. A garinmu ma an ce ba wanda ya buga ganga. Gonar Gado kuwa na nan yadda anka bar ta, rabi an nome, rabi ciyawa ta kai gwiwa. Ya aika a zo a ƙarasa, ko mutum ɗaya bai je ba.

Jiyan ma kwano a bushe. Ƙafafun Yaya sun yi suntum. Da yamma na ga likita ya ja Inna gefe shina mata magana a hankali, na ga ta dafa bango.

Sai yau!

Da hantsi, ina zaune ina fifita, Inna na jan tasbaha, Batulu ta ɗan kishingiɗa. Sai Yaya ya yi wani nishi, ya motsa. Inna ta kore ni waje, ta ja labule. Ina tsaye bakin ƙofa sai na ji ƙara a kwanon ƙarfe. Ƙarar nan, Tala! Na rantse ko gangunan jiya ba su kai ta daɗi ba!

Inna ta fito da kwano a hannu tana gudu tana kiran likita, ita da ko sauri ba ta yi saboda gwiwa. Abin baƙi-baƙi kamar jiƙon magani, ɗan kaɗan ne ma. Likita ya ɗaga ya duba a haske. Karon farko ke nan da na ga haƙoranshi. Ya ce, "Ta tashi."

Kafin azahar Yaya ya sake yi har sau biyu, kowanne ya fi na baya yawa da haske. Ya buɗe ido sosai. Ya ce, "Inna." Ya gane ni, ya ce, "'Yar lakol, me kike ma kuka?"

Likita ya ce to yanzu aiki ya juya, yanzu sai ya sha da yawa, don duk abin da ya fita a mayar.

Ashe Gado ya dawo gindin bangon nan, ya ji hayaniya, ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa. Kwana huɗu sun mai da shi tsoho. Inna ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tallafo kan Yaya. Ya buɗe baki zai sha, sai idonshi ya faɗa kan surukinshi.

Sai ya rufe baki. Ya juya fuska ga bango.

Ku ji fa! Leɓenshi duk a tsage, daga bakin kabari ya dawo, amma kunyar na nan.

Inna ta ce, "Hayatu, don Allah." Bai juyo ba.

Gado ya juya zai fita, ya ba shi wuri, yadda ya kamata ya yi tun ran Lahadi. Har ya sa ƙafa waje. Sai ya tsaya. Ya dawo, ya zo har bakin gado, ya karɓi moɗar daga hannun Inna. Ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, babban mutum kamar shi.

Ya kai moɗar bakinshi ya kurɓa, a gaban kowa. Sannan ya ce, "Hayatu."

Batulu ta toshe baki da hannu. Ba ta taɓa jin sunan nan a bakin ubanta ba.

"Hayatu, ga shi na sha a gabanka. Ni na hana ka, ni ke roƙonka. Sha, ɗana."

Ya miƙa mashi moɗar. Yaya ya daɗe shina kallon bango. Sannan ya juyo a hankali, ya sha. Ya shanye tas. Gado ya sake ɗebowa, Yaya ya sake sha.

Likita ya dubi mutanen da sunka taru a ƙofa, masu jinya da masu jiran allura, ya ce, "Kun gani ko? Ku riƙa duba fitsarinku. In ya yi ja, jikinku na kuka ne. Rabin masu zo mani da ciwon kai, da kasala, da cikin da ya ƙi fita, da tsakuwa a mara, da mai jegon da nono ya ƙafe, ba allura suke bukata ba, moɗa suke bukata. Kar ku jira sai maƙogwaro ya bushe."

Ni duk farin ciki ya cika ni, har na fara tunanin wa zan fara faɗa mawa. Sai Yaya ya goge baki, ya duba ɗakin, ya duba gadon da ke kusa da nashi. Ya ce, "Ina Jibo? Shi an ba shi ruwa?"

Inna ta kau da kai. Gado ya sunkuyar da kai har goshinshi ya taɓa ƙarfen gado.

Likita ya ce, "Shi gida anka kai shi. Kai dai sha ruwanka."

Yaya ya ce, "Ɗan banza, ya tsere ma allura." Ya yi murmushi, barci ya ɗauke shi.

Darasi: Ruwa ba kwaɗayi ba ne, shan shi kuma ba ragwanci ba ne. Shi ke sanyaya jiki, shi ke wanke jini, in ya ƙare a jikin mutum komai ƙarfinshi sai ya faɗi. Ku sha tun kafin ƙishirwa ta kama ku, ku ƙara in kuna aiki a rana ko kun yi zawo. Kunya abu ne mai kyau, amma ba ta kai rai ba. Kai kuma babba, in ka san zamanka zai hana na ƙasa da kai shan ruwa, tashi ka ba shi wuri. Wanda rana ta kayar, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a nemi likita, kar a rufe shi da hayaƙi. Ku faɗa ma iyayenku da yayyenku wannan, ku faɗa a bakin rijiya, ku faɗa a duk gidan da za a yi gayya bana.

Amma darasin kawai za ku faɗa, ban da sunaye. Maganar Yaya ya farfaɗo kuwa, ku riƙe ta a cikinku.

Likita ya tara mu a waje ya ce jikin Yaya bai yi ƙwarin ɗaukar labarin Jibo ba, sai nan da kwana uku ko huɗu, in ƙodar ta zauna da gindinta. Kun kuwa san mutanenmu. Suna jin ya tashi, gobe gari duka zai cika gidan likita, kuma wanda ya fara shiga zai ce, "Sannu da jiki, ya ƙarin haƙurinmu?" Shi ke nan an gama.

Halima, ke na fi ji ma tsoro, babanki na cin kasuwar Cadawa, kuma ke ba ki iya ɓoye mashi komai. Ni ma don cikina zai fashe ne na rubuto maku.

Yanzun nan Yaya ya farka, Inna ta dama mashi kunu. Ya sha rabi, ya ce a rufe sauran, in Jibo ya zo dubiya da yamma a ba shi.

Don Allah, don Annabi, kar ku faɗa ma kowa tukuna.